Ƙarnin Kifi a Ɗakin da Ba a Dafa Kifi Ba

A gidajen haya na Agege, irin waɗanda ɗaki ke kallon ɗaki, ƙarnin kifi ba ya rasa wanda za a ɗora wa. Ga maƙwabciya mai soya titus, ga mai shanya banda, ga lambatu a ƙofar gida, in iska ta juyo daga Oko-Oba kuma a ce mayanka ce. Sau da yawa ana cikin wannan zarge-zarge, mai laifin na manne a jikin bango ya yi tsit. Soket ne.

Fararen soket da makunnai masu tauri, da yawansu ana yin su ne da wata roba da aka haɗa da yuriya, sinadarin nan dai da manomi ya sani a buhun taki. Ita wannan roba ba ta narkewa in ta ji zafi. Gasuwa take yi a hankali, tana sakin wata iska mai dangantaka da abin da ke sa kifi ƙarni. Shi ya sa hanci ke jan mutum zuwa kicin, alhali matsalar na bayan gado. Zafin kuwa kan zo ne daga waya da ta kwance a cikin soket, ko filogi da ke rawa a raminsa, ko tsatsa, don damshin Legas ba ya barin ƙarfe ya huta. Sai kuma lodi. Soket mai rami uku da muke amfani da shi an yi shi ne don amfiya 13, wato kusan wat 3,000 a wutarmu ta bolt 230. Hitar ruwa da dutsen guga a kan ekstenshin ɗaya na iya zarce haka.

A nan ɗaukewar wuta ta yi rana. Idan ƙarnin yana tasowa bayan an kawo wuta, ya lafa in an ɗauke, to a daina harar maƙwabciya, kifi bai san lokacin da Ikeja Electric ke kawo wuta ba. A kashe daga babban makunni, a bi soket ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu, a nemi wanda ya yi ɗumi ko gefen raminsa ya yi ƙasa-ƙasa, a kira mai gyaran wuta. Turaren wuta ba ya maganin wannan, ɓoye shi kawai yake yi, kuma ni a ganina ɓoye shi ya fi barinsa haɗari.

Shi kansa ƙarnin, sinadari ne mai suna tiraimetilamin. Kifin teku na tara wani ɗan uwansa marar wari a cikin tsoka, wanda ke taimaka masa zama cikin ruwan gishiri. Sai bayan kifin ya mutu ƙwayoyin bakteriya ke juya shi ya koma mai ƙarni. Don haka kifin da aka fito da shi yanzu daga teku kusan ba ya ƙarni. Titus da panla da kote na ƙanƙara kuwa sun yi doguwar tafiya kafin su iso kasuwa.

Tarwadarmu da karfasa ba su tara wannan sinadari sosai. Warin laka da ake ji a jikin tarwada daga wani sinadari ne daban, kuma shi ne ke ba ƙasa ƙamshin nan in aka yi ruwan farko.

Matse lemon tsami a kan kifi ba camfin mata ba ne. Tsami na kama sinadarin ƙarnin ya mai da shi wani irin gishiri da ba ya tashi cikin iska. Ruwan tsamiya ma zai yi.

Ba kowane hanci ke jin sa ba. A shekarar 2020 masu bincike a Aisland sun gwada mutum sama da 9,000, suka tarar kusan biyu cikin ɗari na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado da ke rage musu jin ƙarnin kifi. Wasunsu da aka shaƙa musu sai suka ce ƙamshin alewa suka ji, wasu suka ce fure. In maigida ya rantse ba ya jin komai, kada a yi saurin cewa ƙyashin kuɗin gyara ne. Ko da lafiyayyen hanci ma yakan saba da warin da ya daɗe a cikinsa cikin 'yan mintuna, shi ya sa baƙo ne ke fara yamutsa fuska.

Fitsarin namijin ƙaramin ɓeran gida cike yake da sinadarin ƙarnin. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna cewa ƙananan ɓeraye na bin warin, babban nau'in ɓera kuwa gudunsa yake yi. A leƙa bayan buhunan sito da cikin silin.

A leƙa bayan firij ma. Can ƙasa akwai ɗan faranti da ruwan ƙanƙara ke tsiyaya a ciki. Wuta ta kwana biyu babu, kifi ya saki, ruwansa ya gangara can, sannan injin ya dawo yana ɗumama shi. Uwargida ta wanke cikin firij tas, ƙarni na nan.

Wani lokaci kuma daga jikin mutum yake fitowa. Akwai lalurar gado da likitoci suka fara bayyanawa a 1970, a jikin wata yarinya 'yar shekara 6. Hantar mai ita ba ta iya sarrafa sinadarin da hanji ke samarwa bayan an ci ƙwai, ko hanta, ko wake, ko kifin teku, sai ya riƙa fita ta gumi da numfashi da fitsari. Wanka sau biyar ba ya kawar da shi. Rage irin waɗannan abinci bisa shawarar likita ne ke sassauta shi. Yaron da ake wa gorin ƙazanta a makarantar allo, wataƙila asibiti yake bukata.

Iskar gas ta girki ba ƙarni take yi ba, warinta ya fi kusa da na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da gangan ake zuba mata shi. A watan Maris na 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe, mutum kusan 300 suka mutu, yawancinsu yara. Daga nan aka kafa dokar sa masa wari. Gubar da ke cikin hayaƙin janareta ita ba ta da wari ko kaɗan, shi ya sa take kashe mutane suna barci in aka kunna shi a baranda aka rufe ƙofa. Lambar kiran 'yan kwana-kwana a Legas 112 ce ko 767.