Malamin da ya bar Jami'a, amma Jami'a ba ta bar sunansa ba

Duk wanda ya taɓa zama a Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko ya shiga motar shanu da ta taso daga kasuwar Potiskum ta nufo Kurmi, da wuya a ce bai taɓa jin muryar wani malami tana fitowa daga rediyo ko wayar hannu tana cewa "ƙala haddasana" ba. Wannan murya ita ce ta marigayi Dakta Ahmad Ibrahim Bamba, wanda jama'a suka fi sani da Dakta Ahmad BUK. To, abin da ya sa muka ɗauko labarinsa yau shi ne wani mataki da ya ɗauka wanda ba kowa ke iya ɗauka ba, watau barin aikin Jami'a da kujerarsa ta karatu a masallacinta, ya koma cikin unguwa.

Shi dai Malam baƙo ne kamar yadda mu ma muke baƙi a nan Kudu. A ƙasar Gana aka haife shi, ya tafi Jami'ar Musulunci ta Madina ya yi karatu har ya kai ga digirin dakta, sa'an nan ya zo Kano ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Bayero. A farkon shekarun 1990 ya fara karanta Sahihul Buhari a masallacin Jami'ar, yana fassarawa da Hausa. Tun ana zuwa daga cikin ɗalibai da ma'aikata, har abin ya kai 'yan kasuwa da masu sana'a na cikin gari suna cika wurin.

A nan ne fa hanya ta rabu biyu. Aikin Jami'a yana da nasa tsari: akwai zangon karatu, akwai jarrabawa, akwai taron malamai, kuma komai da lokacinsa. Shi kuwa Buhari littafi ne mai hadisi sama da 7,000 idan an haɗa da maimaici, kuma Malam ba ya tsallake sunayen masu ruwaya, ɗaya bayan ɗaya yake bin su, abin da ya jawo masa laƙabin Ƙala Haddasana ke nan. Irin wannan karatu shekaru yake ci. Hausawa sun ce ba a gudu ana susar takashi. Daga baya Malam ya ajiye aikin Jami'a, ya tare a masallacin Darul Hadis da ke Tudun Yola, inda ya ci gaba da karanta manyan littattafan hadisi har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar Jumma'a, 7 ga watan Janairu, 2022.

Kada mai karatu ya ɗauka barin irin wannan wuri abu ne mai sauƙi. Malamin Jami'a yana da albashi duk wata, yana da fansho a gaba, yana da girma a idon hukuma. Wanda ke karantarwa a masallacin makaranta kuma kowace shekara sababbin ɗalibai suke zuwa su same shi ba tare da ya je nemansu ba. Tun da aka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi a Ikko a 1954, da takwararta ta ɗalibai Kirista, watau FCS, a Gindiri a 1957, makarantu suka zama babban fagen tarbiyyar matasa a ƙasar nan. Saboda haka wanda ya bar wannan fage ya bar abin da ke hannu ne ya nufi abin da bai gani ba tukuna.

Amma fa ba a kansa aka fara ba. A shekarar 1091 aka naɗa Imam Gazali babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda ba ta da na biyu a zamaninta, ɗalibai wajen 300 suna zama a gabansa. Bayan shekara huɗu, a 1095, zuciyarsa ta ƙi natsuwa da abin da yake ciki, har harshensa ya kasa ba da karatu. Sai ya raba dukiyarsa, ya tanadar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya bar ƙanensa Ahmad a kan kujerar, ya nufi Sham. A wannan ƙaura ce ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya. Ko da yake tafarkin malaman nan biyu ba ɗaya ba ne, dukansu sun ga cewa kujera ba ita ce aikin ba.

A nan gida kuma muna da Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru a 1950, ya rungumi gwagwarmayar talakawa a jam'iyyar NEPU, a lokacin da malamin makaranta yake cikin 'yan ƙalilan masu albashi a Arewa.

To, ina darasi a nan ga mu mazauna Kurmi? Da yawanmu mun shekara goma ko ashirin a wuri guda: wani limamin masallacin kasuwa ne, wani malamin Islamiyya ne, wani mai wa'azi ne a majami'ar Hausa, wani kuwa maigadi ne ko ɗan canji. Wata rana zuciya takan raya wa mutum cewa lokacin tashi ya yi. Kafin ya naɗe tabarma, ya kamata ya tambayi kansa abu uku. Na farko, gudun wahala yake yi ko kuwa akwai aikin da ya fi wannan da ke jiransa? Na biyu, ya yi wa iyalinsa tanadi? Na uku, wa zai bar wa wurin? Yaran da suka saba zama a gabansa ba su yi laifin komai ba, bai kamata su wayi gari su tarar da ƙofa a rufe ba. Wanda bai horar da magaji ba, tashinsa rushewa ce.

Abin lura a ƙarshe shi ne, Tudun Yola ba ta da nisa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, kuma har ranar da aka kai Malam makwancinsa jama'a ba su daina kiransa Dakta Ahmad BUK ba. Wanda ya yi aiki tsakaninsa da Allah a wuri, ko ya tashi, wurin yakan bi shi. Allah ya jiƙan malamanmu, mu kuma ya nuna mana lokacin zama da lokacin tashi.