Zama Ko Tashi: Halin Da Mazauna Arewacin Kaduna Ke Ciki

Daga Wakilinmu a Kaduna

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar gadar Kogin Kaduna, ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, da misalin ƙarfe bakwai na safe, zai ga jerin motoci da Keke Napep suna kwararowa daga kudu zuwa arewa, cike da ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta. Da la'asar sakaliya kuma sai jerin ya juya, kowa ya nufi inda yake kwana. Da rana gari ɗaya ne, ana ciniki tare a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ana zama ofis ɗaya a sakatariya, amma da almuru ta yi sai kogi ya raba jama'a gida biyu. Har wasu sukan kira arewacin kogin Makka, kudancinsa kuwa Ƙudus. Da wasa ake faɗa, amma wasan yana ɗauke da magana.

Wannan shi ya sa tambayar da ko'ina ake amsa ta da lissafin aljihu, watau ko mutum ya ci gaba da zama a unguwarsa ko ya tashi, a Kaduna take da nauyi na daban. Ma'aikacin da ke Unguwar Dosa ko Badarawa, in haya ta yi masa tsada, zai duba Rigacikun, zai duba Mando, har ma ya yi tunanin neman canjin wurin aiki zuwa Abuja, amma da wuya ya tambayi dillali ko akwai gida a Narayi ko Sabon Tasha, ko da kuwa kuɗin ya fi sauƙi.

Garin Baƙi

Abin mamaki a nan shi ne, Kaduna gari ne da masu tashi daga garuruwansu suka gina. Gwarawa ne ke noma a wannan wuri sa'ad da Gwamna Lugga ya zaɓe shi, saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa. Soja suka fara sauka cikin 1913, sa'an nan a 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru. Daga nan sai akawuna da leburori da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa daga ko'ina. Sunayen unguwanni kansu shaida ne: Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa, da titunan tsakiyar gari masu sunayen Katsina da Ibadan da Abekuta.

Zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Kaduna ta zama cibiyar Jihar Arewa duka. Majalisa tana zama a Lugard Hall, gidan Firimiya kuwa shi ne Gidan Arewa na yanzu a kan titin Rabah. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri cikin 1957, Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta buɗe a 1964, kamfanin haɗa motocin Fijo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Ofisoshin gwamnati da barikoki suka fi yawa a arewacin kogi, masana'antu kuwa a kudu. A wancan zamani kusancin wurin aiki da arhar ɗaki su ne ke zaɓa wa mutum unguwa. Bahaushe masaƙi yana haya a Kakuri ko Makera, akawu Kirista daga Kafancan ko Zonkwa yana haya a Tudun Wada ko Rigasa, sau da yawa ma cikin gida ɗaya, ana ɗiban ruwa a famfo ɗaya, ana aika wa juna abincin Salla da na Kirsimeti.

Yadda Kogi Ya Zama Iyaka

Ran 21 ga watan Fabrairu, 2000, rikici ya ɓarke a kan batun kafa Shari'a a jihar, ya kuma sake tashi cikin watan Mayu. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta naɗa ta ƙidaya mutum 1,295 da suka rasa rayukansu, ƙungiyar Human Rights Watch kuwa ta ce adadin ya kai 2,000 ko fiye. Ran 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addinan biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Duk da haka cikin Nuwamba na wannan shekara aka sake ɓarkewa a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka yi asarar rayuka wajen 250. Rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011 ya zo ya daɗa zurfafa ramin.

Bayan kowace tarzoma sai a ga motocin a-kori-kura ɗauke da katifu da tukwane suna haye gada. Musulmi da yawa suka baro unguwannin kudu suka dawo Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kiristoci kuma suka bar waɗannan unguwanni suka koma Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi. Wasu sun sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu kuwa musaya suka yi, wannan ya ba da nasa na arewa ya karɓi na wancan na kudu. Ba wata doka da ta umurci kowa ya tashi. Tsoro ne ya yi rabon, kowa ya nemi inda in dare ya yi zai rufe ido.

Amma fa rabon bai zama fes ba. Manyan majami'un Katolika da na Angilika har yanzu suna tsakiyar gari, arewa da kogi. Akwai Kiristoci a Unguwar Rimi da Malali da Kabala da cikin barikoki, kamar yadda akwai Musulmi masu yawa a Barnawa da Kakuri da Makera. Sai dai mai neman gida ya san inda dillali zai kai shi tun daga jin sunansa.

Masu Cewa Ba Inda Za Su

In aka zauna a majalisun dattawa na Unguwar Sarki ko Unguwar Shanu bayan sallar Magariba, za a iske yawancinsu ba su da niyyar motsawa. Dalilinsu na farko shi ne kwanciyar hankali, ga masallaci a ƙofar gida, ga Islamiyyar yara, ga maƙwabta da aka yi shekara talatin ana suna da jana'iza tare. Wanda ya taɓa kwana a barikin soja yana gudun hijira da iyalinsa ba ya bukatar a fassara masa karin maganar nan da ke cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Dalili na biyu kuwa shi ne, kusan duk abin da ma'aikaci ko ɗalibi ke nema yana wannan gefe. Sakatariyar jiha tana kan titin Independence, ta Tarayya tana Kawo. Asibitin Barau Dikko da Asibitin Soja na 44, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, duk suna arewa da kogi. Tashar motar Kawo ita ce ƙofar Zariya da Kano da Katsina, inda asalin iyayen mutane da yawa yake. Har wa yau aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna da dama, aka rushe tsohuwar gadar sama ta Kawo aka gina sabuwa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cikin Janairun 2022.

Akwai kuma tsofaffin ma'aikata da suka zo daga Katsina ko Sakkwato ko Barno tun suna samari, da niyyar in sun yi ritaya su koma gida. Ko da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna a 1987, da yawa sun tafi da aiki amma sun bar iyali a nan. Yau 'ya'yansu da jikokinsu ba su san wani gida ba sai Kaduna, garin kakanni kuwa sai da Salla ko rasuwa. Irin waɗannan dattawa kullum suna maganar komawa, kullum kuma suna ɗagawa zuwa baɗi.

Masu Neman Mafita

Matasan ma'aikata su ne suka fi yawan tunanin tashi, abin da ke korarsu kuwa haya ce. Jama'ar da ta taru a arewa bayan rikice-rikicen nan ta cika tsofaffin unguwanni maƙil. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai mutum fiye da 350,000, ban da Tudun Wada da ke ƙarƙashin Kaduna ta Kudu, da Rigasa da ke ƙarƙashin Igabi. Mai gida yana son kuɗin shekara a dunƙule, dillali yana son la'adarsa, albashi kuwa wata-wata yake zuwa. Gidajen gwamnati da ma'aikatan dā suka dogara da su sun ragu ƙwarai, musamman tun da gwamnatin jiha ta sa ɗaruruwansu a kasuwa a 2017. Saurayin da ke shirin aure, mai neman ciki da falo, sau da yawa sai ya fita bayan gari.

To, amma bayan garin ma da nasa lissafi. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa. Wanda ya koma Rigacikun ko Mararrabar Jos don gudun haya sai ya iske abin da ya rage a wurin mai gida ya ƙare a kuɗin mota, nasa da na yara. Sababbin unguwanni da yawa ba famfo, sai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa, hanya kuwa da damina sai a hankali.

Ga kuma sha'anin tsaro. Cikin Maris na 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, kusa da Mando, a watan Agusta na wannan shekara kuma suka shiga har cikin Makarantar Horon Hafsoshin Soja. Wanda ya sayi fili a gefen gari lokacin, sau da yawa ya bar ginin a linta ya ci gaba da biyan haya a cikin gari. Masu zama a gaɓar kogi kuwa, kamar su Kigo Road da Rafin Guza, damuwarsu ambaliya ce irin ta 2003 da ta 2012. Duk shekara hukuma takan gargaɗe su su tashi, su kuwa sukan tambaya, su tashi zuwa ina?

Abuja ita ce ɗaya mafarkin. Tun da aka mai da babban birnin ƙasa can a Disamban 1991, manyan ma'aikata da 'yan kwangila suka fara zamewa. Rufe masaƙu, ta Kaduna a 2002, babbar masaƙar UNTL a 2007, ya daɗa rage abin yi. Jirgin ƙasan da aka buɗe tsakanin Rigasa da Idu a Yulin 2016 ya ba mutane da yawa damar yin gida biyu, aiki a Abuja, iyali a Kaduna inda rayuwa ta fi arha. Harin da aka kai wa jirgin ran 28 ga Maris, 2022, ya tsayar da shi har zuwa Disamba, wasu kuma a wannan tsakani suka kwashe iyalinsu gaba ɗaya.

Abin Da Ake Asara

Wanda ya fi cutuwa da wannan rabo shi ne yaron da aka haifa bayan 2000. Zai iya gama firamare da sakandare a Rigasa ko Hayin Banki bai taɓa zama benci ɗaya da Kirista ba, kamar yadda takwaransa na Gonin Gora zai girma bai taɓa cin tuwo a gidan Musulmi ba. Iyayensu ko da sun yi faɗa sun san juna, suna da wanda za su tuna ya taɓa ɓoye su a ɗakinsa ranar tashin hankali. Su kuwa yaran abin da suka sani game da ƙetaren kogi ji ne kawai, jita-jita kuma ta fi saurin kama wanda bai gani da idonsa ba. Sai a jami'a ko kwaleji, ko wurin bautar ƙasa, suke fara haɗuwa.

Duk da haka akwai alamun sassauci. Millennium City, sabon garin da aka fara tsarawa zamanin Gwamna Namadi Sambo, yana ƙetaren kogi ta gabas, mutanen arewa da yawa kuma sun sayi filaye sun tare a can ba tare da jin sun shiga ƙasar wasu ba. Sabuwar gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa ta rage nisa da cunkoso. Wannan ya nuna cewa ba ruwan kogin mutane ke tsoro ba. Inda aka sami hanya mai kyau, da takardar fili sahihiya, da ofishin 'yan sanda da ke amsa kira, da makarantar gwamnati da kowa zai yarda ya sa ɗansa, jama'a sukan gauraya da kansu.

Saboda haka aikin da ke gaban hukuma da masu unguwanni da malaman addini a fili yake. Sababbin unguwannin da ake yankawa yanzu su ne za su nuna irin Kadunan da za a bar wa na baya. In aka bar su ga dillalai da tsoro, kowace za ta ɗauki launi ɗaya kamar na dā. Ranar da ma'aikaci zai tambayi kuɗin haya da nisan ofis kafin ya tambayi su wa ke zaune a layin, ranar ce za a ce Kaduna ta koma garin da Sardauna ya bari.