Dankali a Buhu: Aikin Hutu da Ƙanne

Hutu ya kusa, kuma kowa ya san yadda ƙanne ke cika gida da hayaniya. In akwai tsohon buhun shinkafa da ɗan wurin da rana ke bugawa a tsakar gida, to ga aikin da zai riƙe su.

Dankalin Hausa ba kamar na Turawa ba ne. Ba ɗansa ake binnewa ba, yaɗonsa ake dasawa. Ka roƙi wani mai gona ya yanko maka, kowane yanki kamar santimita 30. In babu, ka tsoma rabin dankali cikin kofin ruwa ka ajiye a taga. Sati biyu zuwa uku zai tsiro, in tsiron ya yi tsawo sai a ɓalle a dasa. Wannan kam yara za ka bar wa, su riƙa sauya ruwan. In ka samu irin mai ciki ruwan lemo ya fi, don yana da bitamin A mai amfani ga idon yara.

A huda gindin buhun don kada ruwa ya kwanta, a cika shi da ƙasa mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Kaɗan fa! Taki in ya yi yawa, ganye za ka samu har ya rufe katanga, ƙasa kuma ba komai. Yaɗo biyu sun ishi buhu, a binne gaɓa biyu ko uku, don daga gaɓar saiwa ke fitowa.

Bara ba akuya ce ta ɓata mana ba, ƙanena ne. Kullum sai ya zura hannu ya duba ko dankalin ya yi, har ya tsinke saiwoyin. Bana buhu guda na ware masa, na ce ya tona son ransa, sauran kuma hannu baya. Ka kuma nuna musu tsagewar ƙasa: da sun gani su rufe, ta nan ƙwaro ke shiga ya mai da dankalin ɗaci.

Sai wata 3 zuwa 4 ake tonowa, lokacin da ganye ya fara rawaya, ka ga kenan kana makaranta za a kifar da buhun. Don haka kafin ka taho ka raba aiki: wane ban ruwa, wance korar akuya. Ka kuma roƙi Mama ta ajiye maka naka, don wallahi ba za su rage ba.