Ina Za Ka Ajiye Hular Kwano Idan Ka Sauka Daga Babur?

Babur, wanda aka fi sani da moto a nan Nijar, yana cikin abubuwan hawan da jama'ar Damagaram suka fi dogara da su. Da shi ma'aikaci ke zuwa wurin aiki a birnin Zinder, da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da iyalinsa, da shi kuma ɗan kasuwa ke cin kasuwannin Mirriya da Magarya da Matamaye. Sai dai idan mutum ya tsaya a bakin titi ya lura, zai ga masu sanye da hular kwano, wato kaske, ba su da yawa, ko da yake dokar hanya ta wajabta sa ta.

In ka tambayi dalili, wani zai ce zafi, wani zai ce tsada. Akwai kuma dalili na uku da ba a cika kula da shi ba, shi ne mutum ya ce: "To in na isa inda zan je, ina zan sa ta?" In ya bar ta a kan babur a sace, in ya riƙe ta a hannu ta zame masa kaya. Daga nan sai ya bar ta a gida. A kan wannan dalili na uku za mu yi bayani, domin yadda mutum ke ajiye hular idan ya sauka shi ke sa ya ci gaba da sa ta, kuma shi ke sa ta iya kare shi ranar da tsautsayi ya auku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa wajen mutum miliyan 1 da dubu 190 ke rasa rayukansu kowace shekara a hatsarin hanya. Tun a shekarar 2006 hukumar ta nuna cewa hular kwano mai kyau, wadda aka ɗaura daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana kuma rage haɗarin mummunan rauni da wajen kashi 70 cikin 100.

Me ke cikin hular kwano?

Kafin mu san yadda ake ajiye ta, ya kamata mu san yadda aka ƙera ta. Daga waje akwai ɓawo mai tauri na roba. Daga can ciki akwai yadi mai laushi da ke taɓa kai, sai kuma igiyar da ake ɗaurawa a ƙarƙashin haɓa. Tsakanin ɓawon da yadin akwai wani farin soso mai kauri, irin wanda ake samu cikin kwalin sabon rediyo ko talabijin. Mutane da yawa suna tsammanin ɓawon ne ke kare kai. Gaskiya yana taimakawa, amma babban aikin na farin soson ne. Idan kai ya bugi kwalta, soson ne ke lotsewa ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

Abin lura shi ne, wannan soso ba irin na katifa ba ne. In ya lotse ba ya komawa yadda yake. Wurin da ya lotse ya gama aiki ke nan, kuma ba lalle ne a gani daga waje ba, tun da ɓawon na iya ci gaba da ƙyalli. Shi ya sa a shekarar 2009, lokacin da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, jami'an kiyaye haɗurra suka ƙi amincewa da waɗansu ƴan acaɓan Kano da suka riƙa kifa ƙwarya a kai. Ƙwarya tana da tauri, amma ba ta da abin da ke shanye bugu. Haka nan hular leburan gini, da waɗansu huluna masu araha da ba su da komai a ciki sai siririn yadi. Araha dai ba ta ado.

Wuraren da ke lalata ta

Wuri na farko da hannu ke kai wa idan an sauka shi ne madubin babur. Rataye hula a kan madubi kuskure ne, domin bakin madubin yana danna farin soson nan a wuri guda, yau da gobe har ya yi rami. Ga shi kuma duk wanda ya gifta zai iya ture ta.

Ɗora ta a kan kujerar babur shi ma ba shi da tabbas. Mafi yawan wuraren da ake tsayar da babur a garuruwanmu yashi ne. Ƙafar da aka tokare babur da ita takan nutse a hankali bayan mai shi ya tafi, sai babur ya faɗi, hula ta yi tsalle ta bugi dutse. Masu dabara sukan sa falalen dutse ko gwangwanin da aka take a ƙarƙashin ƙafar. Faɗuwa ɗaya daga kan kujera, babu kai a ciki, ba ta cika kashe hula ba, amma ta kan fasa gilashin gaba, kuma in faɗuwar ta yawaita ɓawon zai tsage.

Babban abokin gaban farin soso shi ne man fetur. Malamin ajin yaƙi da jahilci zai iya nuna wa ɗalibai wannan da idonsu: a samo ɓallin soson kwalin rediyo, a fita fili nesa da wuta, a ɗiga masa fetur kaɗan. Nan take za a ga yana narkewa. Don haka kada a kifa hula a kan murfin tanki, kada a ajiye ta a kan teburin ƴan ruwa-ruwa lokacin da ake zuba mai daga kwalba, kada kuma a haɗa ta da jarkar mai ko tsumman goge inji a cikin buhu ɗaya. Fenti ma haka yake. Wanda yake son ya yi wa hularsa alama, ya rubuta sunansa da alƙalami a kan yadin ciki ko a jikin igiya, maimakon ya shafa wa ɓawon fenti, domin akwai fentin da ke raunana roba.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Zinder yakan wuce digiri 40. Hular da ta wuni a rana, musamman baƙa, ba ta sawuwa da azahar, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai ita ya rataye ta a hannu ya tuƙa da kai a buɗe. Hasken rana na yau da kullum yana kuma busar da roba, yana sa gilashi ya yi hazo. A nema mata inuwa kamar yadda ake nema wa dabba. Kada kuma a jingina ta da salansa ko inji bayan doguwar tafiya.

Ajiye ta a ƙasa yana da nasa haɗarin. Kunama tana son wuri mai duhu da sanyi, haka ma tururuwa da gizo-gizo. In dole ta sa an ajiye a ƙasa, a shimfiɗa wani abu tukuna, kuma a zazzage ta a duba ciki kafin a mayar kai. Haka za a yi wa safar hannu da takalmi.

Tsare ta daga ɓarayi

Hanya mafi aminci ita ce mutum ya shiga da hularsa duk inda zai shiga. Abin da ke sa wannan ya yi wuya shi ne rashin abin riƙewa. Tela zai iya ɗinka jakar yadi mai zariya da maratayi daga ragowar atamfa ko buhun gari da aka wanke, a rataya a kafaɗa hannu ya huta. Jakar tana kuma hana ƙurar hunturu shiga, tana hana gilashi karcewa. A Zinder, garin dukawa da teloli, samun wannan ba abin wahala ba ne.

Idan shiga da ita ba zai yiwu ba, sai a kulle ta a jikin babur. Waɗansu babura suna da ƙaramin makulli a gefe ko ƙugiya a ƙarƙashin kujera, inda ake saƙala zoben ƙarfen igiyar. Mutane da dama sun shekara da babur ba su san amfanin wannan ƙugiya ba. Amma fa a sani, wannan makulli yana hana mai ɗauka a guje ne kawai. Mai reza zai iya yanke igiyar. Idan hular irin mai rufe haɓa ce, ya fi kyau a zura sarƙa ko wayar kulle keke ta wurin buɗin fuska, a zagaya ta da ƙarfen babur, a sa kwaɗo. A sa wa sarƙar tsohon tiyo ko yadi don kada ta goge hular. Da damina, wato daga Yuli zuwa Satumba, a kula kada bakin hular ya kalli sama, in ba haka ba ta zama ƙwaryar tarar ruwa.

Mu yi hattara da hular da aka kawo mana sayarwa da yankakkiyar igiya ko igiyar da aka sāke ɗinkawa. Mai yiwuwa ta sata ce. Ko da ba ta sata ba ce, igiyar da aka yi wa ɗinkin hannu tana iya tsinkewa a lokacin hatsari, hula ta fice kafin kai ya kai ƙasa.

Kasuwa, masallaci da wurin taro

Ranar Alhamis, da kasuwar Zinder ke cika, babura sukan yi yawa a kewayen kasuwar Dole har mutum ya rasa nasa. A irin wannan wuri, ƴan dalolin da za a ba mai gadin babura ba asara ba ne. Sai dai a yi magana a fili tun da farko: babur kaɗai yake tsaro, ko har da hula? Sau da yawa rigima takan tashi ne saboda kowa ya ɗauka ɗayan ya gane. In ya ba da tikiti, a karanta lambar da ke jiki, a tabbatar ta yi daidai da wadda ya liƙa ko ya rubuta a babur. Nan ma ga amfanin karatu. Wanda yake da ɗan kasuwar da ya saba da shi, zai iya ba shi ajiya a rumfa, amma ya roƙe shi kada a ɗora kaya a kanta, kada kuma yara su mai da ita kujera ko abin wasa.

A masallaci, babu laifi mutum ya shiga da hularsa ya ajiye ta a gabansa ko jikin bango, inda ba za ta tare sahu ba. Barin ta cikin tarin takalma a ƙofa shi ne ke sa a taka ta ko a yi gaba da ita. Ranar Juma'a da ranakun hawan Sallah, lokacin da jama'a ke cika filin ƙofar fadar Sarkin Damagaram, lungunan Birni sukan cushe. Ya fi sauƙi a bar babur da hula a gidan wani ɗan'uwa ko aboki, a ƙarasa da ƙafa.

Akwai kuma batun hular gargajiya. Mai zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya ba ya son ya isa da kai babu hula, shi ya sa yake barin ta kwano. Jakar nan ta yadi tana warware wannan: a kan hanya hular saƙa tana cikin jaka, in an isa sai su yi musanyar wuri. Sa hular kwano a kan hular saƙa ko rawani ba daidai ba ne, domin ba za ta zauna a kai yadda ya kamata ba.

Sauran kayan tafiya

Safar hannu da tabarau su ne suka fi saurin ɓata. Mutane sukan cusa su cikin hular kwano, amma safar da ta sha gumi da baƙin mai tana ɓata yadin ciki. A sa su a aljihun jaka. Rigar ruwa kuwa, kada a naɗe ta da danshi a bar ta kwana da kwanaki, za ta yi wari ta manne. A shanya ta a inuwa tukuna.

Takardun babur, da takardar tuƙi da ta inshora, ba a barin su a jikin babur. In ɓarawo ya tafi da babur da takardunsa tare, an sauƙaƙa masa sayarwa, an kuma wahalar da mai shi wajen kai ƙara ga ƴan sanda ko jandarmomi. A sa su cikin leda a aljihu. Yana da kyau kuma a rubuta lambar babur da lambar inji a littafi a ajiye a gida.

Idan an dawo gida

A ware wa hular wuri guda a cikin ɗaki, kan kanta ko kan akwati, nesa da murhu da jarkar mai, inda yara da awaki ba za su kai ba. Wuri kusa da inda ake ajiye makullin babur ya fi, don hannu ya ɗauki biyun tare da safe. A buɗe gilashin ta sha iska. In za a rataye, a rataye ta da igiyarta, kada a kifa ta a kan ƙusa.

Ɗan kabu-kabun da ke ɗauke da hular fasinja yana da ƙarin aiki. Fasinjoji sukan ƙi hular da kowa ke sawa saboda datti da tsoron kwarkwata da makero, kuma suna da gaskiyarsu. Wanke yadin ciki ba ya cin ruwa, ko a garin da ruwa ke da wuya kamar Zinder: moɗa guda da ɗan sabulu sun isa, sai a busar a inuwa. Gilashi kuma ba a goge shi da busasshen tsumma in ya yi ƙura, domin yashin zai karce shi, da dare hasken fitilun mota ya riƙa watsuwa a ido. A fara zuba masa ruwa, sannan a shafa da yadi mai laushi.

Duk hular da aka yi hatsari da ita kai ya bugu, a daina amfani da ita ko da ba a ga tsaga ba. Masu ƙera huluna da yawa suna ba da shawarar a sauya bayan kamar shekara 5 ana amfani da ita. Wajen sayen sabuwa, a ɗaga yadin ciki a taɓa farin soson a ji kaurinsa, a duba igiya ko akwai ƴar takardar da aka ɗinka mai harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, wato alamar gwajin da ake bi a Turai, ko kuma haruffan DOT a bayan hular, alamar Amurka. Akwai masu liƙa alamar jabu, don haka idan alama ta ce abu ɗaya, nauyin hular da kaurin sosonta suka ce wani, a yarda da abin da hannu ya ji.