Shafen Daimon a Kan Tsinken Huda da Ingancin Kayan Lantarki a Kano

Rediyo da talabijin da inbata da ake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, da kwamfutocin da ake gyarawa a Titin Beirut cikin yankin Fagge, duk suna ɗauke da allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel. Galibi ana yin allon ne da saƙaƙƙen zaren gilashi da aka ƙafe da wani danƙo mai suna ifoksi, sannan a shimfiɗa masa siraran layukan jan ƙarfe. Kafin wuta ta ratsa daga wannan fuska ta allon zuwa waccan, sai an huda ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa, waɗansu faɗinsu bai wuce milimita 0.2 ba, an kuma shafe cikinsu da jan ƙarfe.

Tsinken da ke wannan huda ana ƙera shi da tangistin kabaid, wato garin wani sinadari mai tsananin tauri da ake ɗaure ƙwayoyinsa da ƙarfen kobal, kuma injin yakan juya shi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Duk da taurinsa, zaren gilashi yana cinye kaifinsa, kuma da zarar ya dakushe sai ya ɗauki zafi, danƙon ya narke ya lulluɓe jan ƙarfen da ke bangon ramin. Irin wannan rami yana iya tsallake gwaji a masana'anta, amma idan na'urar ta sha zafin bazara da hawa da saukar wuta, sai haɗin ya tsage a inda ido ba ya gani, mai gyara ya yi ta zuba dalma ba tare da ya kai ga tushen matsalar ba.

Shafen daimon na daga cikin magungunan da aka samo wa wannan matsala. A shekarar 1982 masu bincike a Tsukuba ta ƙasar Japan suka bayyana hanyar tsirar da daimon daga iska, inda ake cakuɗa iskar metan kimanin kashi 1 cikin 100 da haidurojin, a bi da su ta kan waya mai zafin digiri 2,000 ko fiye, har kabon ɗin da ke cikin metan ya rabu ya zauna a jikin tsinken a matsayin daimon. Kaurin shafen bai kai na silin gashi ba, amma yana tsawaita kaifin tsinke ninki da yawa, bangon rami kuma ya fito sumul. Babbar wahalar aikin ita ce kobal, domin yana sa kabon ya koma girafait, baƙin abin da ke cikin fensir, shi ya sa ake fara wanke kobal ɗin daga fatar tsinken da asid, in ba haka ba shafen ya ɓare.

Wannan shafe dabam yake da tsinken huda tayil da gilashi da ake samu a shagunan Sabon Gari, wanda tsakuwoyin daimon kawai aka manna masa. Dukansu biyu ba su dace da huda baƙin ƙarfe ba, saboda ƙarfen yana shanye kabon idan ya yi zafi.

Kano tana da dubban matasa masu hannun gyara, amma kaɗan ne aka koya wa yadda ake ƙera abin da suke gyarawa. Ya kamata Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano su shirya wa masu gyaran Fagge da Sabon Gari gajerun darussa kan yadda ake yin fanel da dalilan lalacewarsa.