Ina Ruwan Kwata Yake Zuwa?

Ruwan kwatar birni kogi yake nufa. A Kano, rafin Jakara ke kwashe dattin cikin gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su gangara madatsar Wasai. Abin takaici, da wannan ruwa ake shayar da latas da alayyafo a lambunan bakin rafin.

Maganin wannan shi ne a tace ruwan kafin ya shiga kogi. Matatar ruwan kwata, irin ta Wupa a Abuja, leda da yashi take fara tsamewa. Sai a hura iska cikin manyan tankuna, ƙananan halittu su cinye ƙazantar, laka ta kwanta, a kashe ƙwayoyin cuta kafin a saki ruwan. Gubar da masana'antun jimar fata ke zubarwa kuwa ba ta narkewa haka, dole majema ta cire ta tun kafin ta saki ruwanta.