Ranar Da Aka Tashi Garin Cikin Waya

Duk wanda ya zauna a rumfar mai cajin waya a garin Dodoru ta ƙasar Gwandu bayan sallar lisha, lalle zai ga samari sun yi gungu, kowa ya sunkuyar da kai bisa wayarsa, ba mai ce wa wani uffan. A irin wannan zama ne na tarar da wani saurayi ya yi zugum, na tambaye shi ko lafiya, ya ce an tashi garinsu. Na ce wane gari, alhali ga mu zaune kalau? Ashe garin cikin wasa ya ke nufi. Shekara biyu ya yi yana gina shi da kuɗin da ya ke samu wajen aikin albasa, ran nan kamfanin ya kwashe su duka ya zuba cikin wani gari na baƙi.

Domin mai karatu ya fahimta, a irin waɗannan wasanni na intanet dubban mutane ne ke wasa tare a lokaci guda. To, na'ura ɗaya ba ta iya ɗaukarsu duka, saboda haka sai kamfani ya kasa su kashi-kashi, kowane kashi da babbar kwamfutarsa, wadda a ke kira sabar. Kowace sabar tamkar gari ce mai cin gashin kanta, da kasuwarta, da ƙungiyoyinta, da masu mulkinta. Mutumin wannan ba ya ganin mutumin waccan, ko da kuwa tabarma guda su ke zaune.

Matsalar takan faro ne tun ranar buɗe wasa. A watan Satumba na 2021 kamfanin Amazon na Amurka ya fitar da wasan New World. Cikin 'yan kwanaki mutum fiye da 900,000 suka hallara a lokaci guda, alhali kowace sabar ba ta ɗaukar fiye da kimanin 2,000. Jama'a suka yi ta jiran layi na sa'o'i, kamfanin ya yi ta buɗe sababbi ba ƙaƙƙautawa. Ba a je ko'ina ba ɗoki ya wuce, akasarin mutane suka watse. Yaƙi a wasan kuwa mutum 50 ya ke bukata a kowane ɓangare, sai ga garuruwa da yawa ba su iya tara ko rabin haka. Kasuwarsu ta zama irin ta ƙauyen da hanyar mota ta kauce masa: mai saye bai sami kaya ba, mai kaya bai sami mai saye ba, gobe kuma duka biyun ba za su zo ba. Kafin ƙarshen Disamba na shekarar aka fara haɗe sabar da sabar. A Oktoba na 2025 kuma Amazon ya ba da sanarwar daina ƙara wa wasan sabon abu.

A gun kamfani lissafin a fili ya ke, gama na'urar da ba kowa a cikinta tana cin wuta da kuɗin kulawa. A gun mai wasa kuwa abin ya fi haka nauyi. Na farko dai suna. Ba a yarda mutum biyu su riƙe suna ɗaya a sabar guda ba, don haka in an haɗe, dole wani ya saki nasa. Da aka mai da sabar 17 na wasan Star Wars: The Old Republic zuwa 5 a Nuwamba na 2017, masu biyan kuɗin wata-wata aka fifita wajen riƙe suna. Sa'an nan ga sarauta. Ƙungiyar da ke mulki a ƙaramin gari takan wayi gari ta zama talaka a babba, inda waɗanda suka fi ta dukiya suka riga suka kame kome. Farashin kaya ma yakan birkice, abin da mutum ya tara yana ganin dukiya ce ya tarar ya zama banza.

Manyanmu ba za su ga baƙon abu a nan ba. A zamanin Jamhuriya ta Biyu gwamnonin farar hula sun ƙirƙiro ƙananan hukumomi barkatai, sojoji suka zo suka soke su a 1984, aka koma 301 na gyaran 1976. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda garin da ya ɗanɗana zama hedkwata ya ji sa'ad da aka mai da shi ƙarƙashin maƙwabcinsa.

Akwai waɗanda suka bi hanya mai sauƙi. Wasan World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya kai masu biyan kuɗi miliyan 12 a 2010, ya sauko zuwa miliyan 5.5 a 2015. Tun 2013 kamfanin ya fara ƙulla sabar da sabar ba tare da rushe ko ɗaya ba. Kasuwa ta zama ɗaya, ƙungiyoyi suka gauraya, amma kowa ya riƙe sunansa, a na liƙa masa sunan garinsa na asali, kamar yadda mu ke cewa wane Kalgo ko wane Gwandu. A ganina wannan ya fi kusa da adalci. Shi kuwa EVE Online na ƙasar Ayisland, tun 2003 ya zuba jama'arsa a sabar guda, in ban da ta ƙasar Sin, bai kuwa taɓa shiga wannan rigima ba.

Ɗan ƙasarmu yana da ƙarin nasa nauyin. Mafi yawan waɗannan na'urori a Turai da Asiya da Amurka su ke, umurnin da ya aika daga Kebbi sai ya yi doguwar tafiya kafin ya dawo, abokin karawarsa ya riga shi bugu. In kuma aka zuba shi cikin mutanen da ba ya jin harshensu, su ne za su sa lokacin yaƙi bisa agogonsu. Ya kamata iyaye da samarin su sani cewa a ƙa'idar yawancin kamfanonin, abin da aka saya a cikin wasa izinin amfani ne kawai, ba mallaka ba, kuma kamfani na da ikon sauya shi ko rufe shi.

Saurayin nan dai ya rasa sunansa, an maƙala masa lambobi a ƙarshensa. Daga cikin abokan ƙungiyarsa biyu kaɗai suka rage. Yaƙin sabon garin kuwa ƙarfe uku na dare a ke yin sa, shi kuma da asuba ya ke fita fadama ban ruwa.